Murfin Kwalba Goma

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Baba, ka gafarce ni. Na san ba a taɓa littafin gasa sai da izininka, ko Umma ba ta ɗaga shi in tana shara. Na bara na ɗauka, kuma daga baya na fara, inda shafuka suka rage. Ni ba kowa ba ce da zan ce ina rubutu. Malamar Hausa ta ce jimlolina suna da tsabta, sai dai muryata ba ta kai bayan aji. To a nan ba sai na ɗaga murya ba.

Yau kwana biyu da dawowarmu gida daga asibiti. Kalmar da likita ya faɗa wa Umma a bakin ƙofa na ji ta, amma ba zan sa ta a littafin ƙwallo ba. Umma ta ce duk wanda ya yi sallama a ce masa zazzaɓi ne, yana barci.

Mun dawo da gadonsa falo, don ya fi kusa da banɗaki. Sai da muka fitar da teburin Baba. Tiren nan nasa mai zanen alli, wanda Umma ke kira wasan yara, na jingine shi a bayan kabad. Murfin kwalba goman da ke kai kuma na zuba su a gwangwanin madara.

Baba yana samun sauƙi.

Laraba, 6 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zan tabbatar wa kaina na gane.

Ƙungiyoyi goma ne a babban rukunin gasar garinmu, kuma ba wanda ƙwallo ce sana'arsa: Mahauta, Masu Burodi, Direbobi, Teloli, Makanikai, Kafintoci, Malamai, Ma'aikatan Asibiti, 'Yan Kasuwa, da Masu Walda. Kowa zai kara da kowa sau ɗaya, mako tara ke nan. Biyun ƙarshe su faɗa ƙaramin rukuni, biyu su hauro. Filaye uku ne, na Makaranta, na Bayan Tasha, da na Gada. Ana wasa Asabar da yamma, sai Lahadi safe da yamma. Wa zai kara da wa, tun farkon kaka an sani. Amma a wane fili, ƙarfe nawa, wannan aikin Sakatare ne, kuma shekara goma sha tara Baba ne Sakatare. Duk Alhamis ana manna takardarsa a allon da ke ƙofar shagon askin Kawu Mai Usur. Kawu ba ɗan'uwanmu na jini ba ne, abokin Baba ne tun firamare, shi ne kuma babban alƙalin wasa.

Doka ta tara ta ce Sakataren da ya kasa aikinsa, kwamiti zai zauna a naɗa wani. Ciyaman, mai kantin magani, ya daɗe yana cewa zamanin biro ya wuce.

Saura mako uku. Gobe Alhamis.

Na tarar Baba ya tsara na wannan makon a cikin littafi tun kafin ranar Talatar nan da aka kai shi asibiti, bai dai kwafa a babbar takarda ba. Na ɗauki koren bironsa, na yi ta gwada hannunsa sai da na ɓata takarda huɗu. Da na kai masa ta biyar ya daɗe yana kallonta, sannan ya gyaɗa kai.

Abin da ya dame ni shi ne, da na duba baya, mako shida Mahauta ba su taɓa wasa da safe ba. Masu Burodi kuwa kullum safe. Direbobi ba su taɓa ganin Asabar ba. Wannan ai ba adalci ba ne, kuma Baba mai adalci ne. Ashe abin ya daɗe da farawa, mu ne ba mu lura ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe uku

Na biya shagon Kawu kafin makaranta. Yana cikin yi wa wani aski, ya ajiye almakashi ya karɓi takardar.

“'Yar Sakatare, yau ke ce masinja? Ya mai jiki?”

“Zazzaɓi ne, Kawu. Yana barci.”

“Ikon Allah. Zazzaɓin nan dai ya iya barci.”

Ya kalli takardar, ya kalle ni ta saman gilashi, ya manna ta. Wanda ake yi wa askin ya ce, “Malam, rabin kaina fa?” Kawu ya ce, “Ɗayan rabin yana hutun rabin lokaci.”

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe shida da rabi

An yi wasa biyar ɗin duka, lafiya lau. Baba ya riƙe kofin shayi da hagu, kaɗan ya zube.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe biyar

Shafin mako na takwas fari fat.

Na tambayi Baba. Ya buɗe baki, ya ce, “Wancan... wancan ɗin...” yana nuna inda teburin yake a da. Sai ya rufe ido. Umma ta ƙyafta mini, na fita.

Na yi tunani. A jarabawar lissafi da ta wuce casa'in da ɗaya na ci. Wasa biyar ne kawai da fili uku. Na ɗauko rula na ja layuka, na ƙirga wanda bai taɓa safe ba na ba shi safe, wanda bai taɓa yamma ba na ba shi yamma. Ya fito daidai kamar amsar bayan littafi. Har na ji daɗi, Allah ya yafe mini. Na ce ba wanda zai gane Baba ya fara kuskure, tunda ga shi ya gyara.

Laraba, 13 ga wata, ƙarfe huɗu

Na kai masa. Ya karanta, ya ce, “A'a.” Ya bugi katifa da hagu. “A'a. Wancan.”

Umma ta shigo da gudu. “Ke, kin ga kin tayar masa da hankali. Malam, kwanta, ba komai, yarinyar nan ta iya.”

Ya juya fuskarsa bango. Na ɗauka gajiya ce.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe uku

An manna. Kawu bai yi barkwanci ko ɗaya ba yau. Ya ce, “Haka ya ce?” Na ce e.

Baba yana samun sauƙi.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe shida

Ban san ta inda zan fara ba.

Jiya Direbobi da mutum bakwai suka fito, sauran suna kan hanya da fasinja. Yau ƙarfe takwas na je Filin Makaranta na laɓe a bayan aji. Teloli sun zo su goma sha ɗaya, riga a goge, kowa ya san su da gayu. Mahauta mutum huɗu. Kyaftin ɗinsu, wanda ake kira Gatari, ko rigar aiki bai cire ba. Kawu ya jira minti goma sha biyar kamar yadda doka ta ce, ya hura usur, ya ba Teloli maki uku ba tare da sun taɓa ƙwallo ba.

Gatari ya ce, da muryar da ta kai har inda nake, “Takwas na safe! Shanun su yanka kansu ke nan? Shekara sha tara Sakatare bai taɓa yi mana haka ba. Wallahi tsufa ya kama shi.”

Wani tela ya ce, “Ku dai kun ji tsoro ne.”

“Tsoron wa? Ku da ko allura ta faɗi sai kun yi taro?”

Da yamma an ce golan Masu Burodi ya jingina da turken raga yana gyangyaɗi, aka zura musu biyar.

Ciyaman ya kira taron kwamiti, Lahadi mai zuwa ƙarfe biyar. Magana ɗaya ce a takardar gayyata: doka ta tara.

Sunan Baba ne a ƙasan jadawalin. Ni na sa shi, da koren biro.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe uku

Malamin lissafi ya yi tambaya, na san amsar, ban ɗaga hannu ba.

Talata, 19 ga wata, ƙarfe shida

Daga makaranta shagon Kawu na wuce. Na tsaya a ƙofa har ya gama da mutum biyu. Na shirya jimlar tun a aji, amma da ya ce “Shigo,” kuka ya riga ta.

Ya zaunar da ni a kujerar aski, ya miƙo mini tawul mai tsabta.

“Kawu, ni ce na...”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Tun ranar farko. Shekara hamsin nake tare da babanki, ban taɓa ganin ya ja layi da rula ba. Layinsa kamar tafiyar mashayi yake.”

“To me ya sa ka manna ta biyun?”

Ya kaɗe almakashi. “Na tambaye ki ko haka ya ce, kika ce e. Sai na ji tsoron ko da gaske haka ya ce ɗin. In na ƙi mannawa, na yarda ke nan abokina ya...” Bai ƙarasa ba. Shi ma akwai kalmar da ba ya faɗa. “Laifin namu ne mu biyu. Goge fuskarki, mu je ki ga 'yan wasanki.”

Ya rufe shago da rana tsaka. Muka fara da tasha, inda wani direba ya ce Asabar ce ranar da ko uwarsa ba ta ganinsa. A asibiti aka nuna mini takardar aiki, mai kwana daban, mai yini daban, kuma Baba yakan zo ya duba ta duk Litinin. Makanikai da Masu Walda ba a haɗa su fili ɗaya a rana ɗaya, in ba ranar karawarsu ba, saboda wani jan kati na shekara bakwai da har yau ba a gama shari'arsa ba.

A gidan burodi muka yi ta buga ƙofa. Kyaftin ɗinsu ya leƙo ido a kumbure, ya ce, “Gobara ce?” Kawu ya ce a'a. Ya ce, “To ƙarfe huɗun yamma tsakar darenmu ne,” ya mayar da ƙofa.

Gatari muka bari ƙarshe. Yana rumfarsa a kasuwa yana wasa wuƙa. Da na matso kusa da shi sai na ga ya fi girma. Kawu ya tura ni gaba ya ce, “Tana da tambaya.”

Na ce, “Ina wuni. Ƙarfe nawa kuke tashi daga mayanka?”

Ya sunkuyo. “Me ta ce?”

Na sake faɗa.

“Goma da rabi, in Allah ya so. Ke 'yar wa ce?”

“'Yar Sakatare.”

Sai ya ajiye wuƙar. “Ya jikinsa?”

Na ce zazzaɓi ne. Bakina ne ya faɗa, ban sa shi ba.

A hanyar gida na gane abin da na yi. Duk abin da na ɗauka ciwo ne ya karkata, Baba ne ya karkata shi da gangan don ya shiga rayuwar mutane. Ni kuma na zo da rula na miƙe shi.

Laraba, 20 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Mako na ƙarshe. Wasa huɗu na tsara su ba wuya, yanzu da na san mutanen. Na biyar shi ne Mahauta da Masu Burodi. Ɗaya ba ya safe, ɗaya ba ya yamma. Bana Masu Burodi suka hauro, don haka ba a taɓa haɗa su ba, ko Kawu bai san yadda Baba ya yi niyya ba. Ya ce tun farkon kaka da ya tambaye shi, murmushi kawai ya yi.

Na zauna a ƙasa kusa da gado na faɗa wa Baba komai, kaina a sunkuye. Ya saurara. Sannan ya sake nuna inda teburin yake a da. “Wancan.”

Sai a lokacin na tuna.

Na jawo tiren daga bayan kabad, na ɗauko gwangwanin madara. Zanen allin yana nan: gida tara, fili uku a tsaye, lokaci uku a kwance. Na juye murfin goma a cinyarsa. Da na ga yadda hannunsa na hagu ya rufe su, na kasa kallon fuskarsa. Mako biyu yana nema.

Ya jera takwas cikin minti ɗaya. Uku daga cikin wasannin sun zo daidai da nawa. Na huɗun ya sauya fili, ban san dalili ba, ban kuma yi gardama ba. Sai ya ɗauki ja, na Mahauta, da ruwan ɗorawa, na Masu Burodi, ya tura su layin Filin Gada, ya ajiye su a kan zanen da ya raba safe da yamma.

Na ce, “Baba, sun fita daga gida,” na mayar da su cikin gidan safe.

Ya bugi bayan hannuna, ya mayar da su kan zanen. Ya ƙwanƙwasa tire da yatsa. Na ƙirga. Goma sha ɗaya.

Filin Gada yana bayan mayanka, tafiyar minti biyar. Masu Burodi sun gama rabo, ba su kwanta ba tukuna. Kuma shi kaɗai ne filin da bishiyoyi suka kewaye.

Na ce, “Amma Baba, ba a wasa sha ɗaya.”

Ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce, “Uwata.” Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Tun ranar Talatar nan bai faɗa ba. Ya fito sarai, ba “wancan” a gaba ko a baya.

Umma tana bakin ƙofa da tsintsiya. Ta ce, “Wasan yaran nan dai,” ta juya da sauri.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe uku

Da hannuna na rubuta, da shuɗin biro. A ƙasa na sa: Sakatare ya tsara, 'yarsa ta rubuta.

Umma ta ce, “Yanzu kowa zai sani.”

Na ce, “Umma, in ba su sani ba, cewa za su yi ya tsufa.”

Ta daɗe tana naɗe gefen zaninta. Ta ce, “To ki ja layin a karkace mana, ko ya ji daɗi.”

Juma'a, 22 ga wata, ƙarfe shida

Takalman mutum sha bakwai a ƙofar falo. Ba wanda aka ce wa yana barci.

Da farko Baba ya juya bango. Gatari ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ce, “Sakatare, na yi maka baƙar magana a fili, na zo in janye ta a ɗaki.” Baba bai juyo ba. Gatari ya ce, “Amma fa sha ɗayan nan, ko shaiɗan ba zai tuna da ita ba.” Sai kafaɗar Baba ta fara rawa don dariya.

Lahadi, 24 ga wata, ƙarfe bakwai

Sha ɗaya daidai Kawu ya hura usur, mutum ashirin da biyu cif. Aka tashi ɗaya da ɗaya. Da wannan canjaras ɗin, Teloli, waɗanda ba wanda ya sa su a lissafi, suka ɗauki kofi da tazarar maki ɗaya. Maki ukun da na ba su ne. Na sani, kowa ma ya sani.

Taron a ajin 'yan shekarar ƙarshe aka yi, kyaftin goma a kan bencin ɗalibai, gwiwoyinsu sun tokare tebur. Baba ya zo. Kawu ya riƙe shi ta dama, ni na riƙe tire.

Ciyaman ya karanta doka ta tara. Kafin ya rufe baki na miƙe. Ban san ƙafata ta yanke shawara ba.

Na ce jadawalin mako na takwas ni na yi shi, Baba ya ce a'a sau biyu ban ji ba, kuma ni na sa sunansa. Na ce a yafe mini. Wani daga can baya ya ce, “Mun ji, 'yan mata.” Malamar Hausa, yau muryata ta kai can baya.

Ciyaman ya cire gilashi. “'Yata, a kantina Ummanki ke karɓar magani. Na san ba na zazzaɓi ba ne. Ni ba kujerarsa nake so ba, so nake ya huta.” Ya juya wajen Baba. “Malam, tsakaninka da Allah, za ka iya?”

Baba ya miƙo hagu, na ɗora masa tire a cinya. Ya ware murfi biyu ya ajiye gefe, na Kafintoci da na Masu Walda, waɗanda suka faɗa ƙaramin rukuni. Ya lalubi aljihu ya fito da sababbi biyu. Ban san inda ya samo su ba, Umma kuwa ta ce kada a tambaye ta.

Gatari ya ce, “Kun gani? Mu muna nan muna taro, shi ya shiga baɗi. Ciyaman, wanda ya san ƙarfe nawa nake wanke hannu, shi nake so. Yarinya kuma ta ja mini asarar kofi, amma ita kaɗai ce ta taɓa zuwa rumfata ta tambaye ni. Teloli dai su ɗinka mata kaya kyauta, ita ce 'yar wasansu ta sha biyu.”

“Ko riga uku take so,” in ji kyaftin ɗin Teloli.

Aka ce a ɗaga hannu. Tara. Aka duba, ashe kyaftin ɗin Masu Burodi ne ya kifa kai a kan tebur. Aka taɓa shi, ya ɗaga hannu biyu.

Ciyaman ya ce Baba na nan a kujerarsa, da sharaɗi ɗaya: kafin sabuwar kaka ya zaɓi wanda zai riƙa yi masa rubutu, da kansa, ba wanda ya zaɓi kansa ba. Bai kalle ni ba da ya faɗi haka. Bai buƙata ba.

Litinin, 25 ga wata, ƙarfe biyar

Baba yana samun sauƙi. Yau ne karo na farko da na rubuta haka ba don in lallashi kaina ba.

Shafi ɗaya ya rage. Kawu ya kawo sabon littafin gasa, yana kan tire, ko ledarsa ba a cire ba, kuma ban taɓa shi ba.

Baba, zan ajiye wannan a ƙarƙashin matashinka ka karanta, har wuraren da nake jin kunya. Sau biyu na ɗauki bironka ban tambaya ba, sau ɗaya na ɗauki sunanka. Yanzu ina tambaya. In ka ga Malamai ko Ma'aikatan Asibiti suna da wanda ya fi ni, ba zan ce komai ba, zan dai riƙa ɗauko maka tire. Amma in ka yarda in sake rubutu, a sabon littafin, abin da ka tsara kawai, ba ƙari ba ragi, na yi alkawarin barin rula a jaka.

Ba sai ka wahalar da bakinka ba. Ka ɗora mini murfi ɗaya a kan littafin, zan gane. Kowanne ka ga dama, ban da na Mahauta, don da safe zan duba.